Zanzibar Da Baƙinta Masu Yawon Buɗe Ido

Da wuya a sami gidan Bahaushe da babu kanumfari a cikinsa. Iyayenmu mata suna sa shi a kunu da fura da yaji, mai ciwon haƙori kuma akan ce ya danna ƙwaya ɗaya a wurin. Amma in aka tambayi yawancinmu inda ake noma shi, sai mu yi shiru. To, akwai lokacin da mafi yawan kanumfarin da duniya ke ci daga wasu tsibirai biyu yake fitowa, watau Unguja da Pemba, waɗanda in an haɗa su da ƙananan tsibiran da ke kewaye da su ake kira Zanzibar. Yau kanumfari ya sauka daga gadon sarauta a can. Abin da ya gaje shi kuwa baƙi ne, masu zuwa yawon buɗe ido, kuma labarin waɗannan baƙi da masu masaukinsu nake so in ba 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

Kafin in yi nisa, bari in bayyana abin da ake nufi da yawon buɗe ido, don na san cikin iyayenmu akwai waɗanda abin zai ba su mamaki. Mu a nan mun saba mutum ya yi tafiya don fatauci, ko neman ilmi, ko sada zumunci, ko aikin hajji. Amma akwai mutane, musamman a ƙasashen Turai, waɗanda sukan shekara suna tara kuɗi don kawai su sami mako ɗaya ko biyu su bar garinsu, su je inda babu sanyi, su kwanta a bakin teku su sha rana, su ga abin da ba su taɓa gani ba, sa'an nan su koma bakin aikinsu. Ba su saro kome na sayarwa ba, ba su kuma gai da kowa nasu ba. Kuɗin da irin waɗannan mutane ke kashewa a jirgi da masauki da abinci da tsaraba shi ne ya zama babbar sana'a, har akwai ƙasashen da ba su da wata madogara sai ita.

Zanzibar tana cikin Tekun Indiya, a gabashin Afirka. Yanki ce ta ƙasar Tanzaniya, amma tana da nata shugaban da majalisarta. Tsakanin Unguja da gaɓar Tanzaniya bai kai kilomita 40 ba a inda ya fi ƙunci, jirgin ruwa mai gudu kuwa yakan yi kamar awa biyu daga Darussalam. Tsawon Unguja kilomita 85 ne, faɗinsa kamar 30, saboda haka mai mota zai gama shi tsakanin hantsi da azahar. Ƙidayar 2022 ta nuna mutanen Zanzibar duka sun kusa miliyan 1 da dubu 900. Kusan dukansu Musulmi ne, harshensu Suwahili, kuma Bahaushe in ya kasa kunne zai tsinci kalmomin da ya sani, kamar dunia da sabuni da habari. Kanumfari ma karafuu suke ce masa, mu da su duk daga Larabci muka aro. Maza suna sa doguwar riga fara da hula, mata suna ɗaura zanen da suke kira kanga su yi lulluɓi. A ƙofar gida akwai dakali, wanda suke kira baraza, inda dattawa ke zama shan gahawa da hira bayan la'asar. Mutum ba ya faɗa wa gidan wani sai ya tsaya ya ce hodi, an amsa masa. Na kawo waɗannan ne don mai karatu ya gane irin mutanen da baƙin suke sauka a cikinsu. Ba su da nisa da mu a ɗabi'a.

Tarihinsu yana da tsawo, sai in gutsura. A 1840 Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya ɗauke fadarsa daga Maskat ya mai da ita Zanzibar, ya ƙarfafa noman kanumfari. Bayi ne suka yi aikin gonakin, kuma garin ya zama babbar kasuwar bayi da hauren giwa har aka rufe kasuwar bayin a 1873. Ingila ta karɓi ikon tsibiran a 1890, ta ba su mulkin kai a Disamba 1963. Wata ɗaya kacal bayan haka, ran 12 ga Janairu 1964, aka yi juyin juya hali aka kori sarki, jini ya zuba, Larabawa da Indiyawa da yawa suka gudu. A watan Afrilu na shekarar Zanzibar ta haɗu da Tanganyika aka sami Tanzaniya. Shekara ashirin bayan wannan, baƙo bai cika leƙa tsibirin ba. Gwamnati ce ke sayen kanumfari ta sayar a waje, da kuɗinsa ake sayo shinkafa da mai da magani.

Sai kasuwa ta juya. Ƙasar Indonesiya, wadda ita ce babbar mai saye domin tana sa kanumfari a tabar sigari, ta faɗaɗa nata noman har ta wadatu. Cikin shekarun 1980 farashi ya faɗi warwas, shaguna suka bushe a Zanzibar. A wannan hali ne Ali Hassan Mwinyi, wanda ya shugabanci Zanzibar a 1984 kafin ya zama shugaban Tanzaniya a 1985, ya fara sassauta dokokin ciniki, har mutane suka laƙaba masa suna Mzee Rukhsa, watau Dattijo Mai Ba Da Izini. A 1986 aka yi dokar da ta buɗe wa masu jari na waje ƙofa. Da aka duba abin da tsibirin zai iya sayarwa, sai aka ga farin rairayi mai laushi kamar gari, da ruwa garai-garai, da itatuwan kwakwa, da tsohon birni mai gidajen dutse da ƙofofin katako masu sassaƙa. Wannan birni su suna ce masa Mji Mkongwe, watau Tsohon Gari, Turawa kuwa Stone Town, kuma a shekarar 2000 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya.

A 1985 baƙin da suka zo ba su kai 20,000 ba. A 2019 sun haura 500,000, a 2024 kuwa sun haura 700,000. Mutanen Italiya sun daɗe suna kan gaba, ga Jamusawa da Faransawa da Ingilishi da mutanen Poland. Ana ƙiyasta cewa wajen kashi 80 cikin 100 na kuɗin ƙasashen waje da Zanzibar ke samu daga wannan sana'a yake fitowa. Ƙauyukan masunta irin su Nungwi da Kendwa a arewa, da Kiwengwa da Paje da Jambiani a gabas, waɗanda a dā ko hanyar mota mai kyau ba su da ita, yanzu otal-otal ne jere a bakin ruwansu.

A Suwahili kalma ɗaya ce, mgeni, take nufin wanda ya sauka a gidanka da wanda ba ɗan gari ba, daidai da yadda muke cewa baƙo. Irin wannan baƙo yana da haƙƙi a kanka, kai ma kana da haƙƙi a kansa. Suna ma da karin magana cewa baƙunci kwana biyu ne, ran na uku sai a miƙa wa mutum fartanya. Mai yawon buɗe ido kuwa wani suna suka ba shi dabam, mtalii. Shi ya biya kuɗin ɗakinsa da abincinsa tun yana garinsu, saboda haka a zuciyarsa ba ya jin yana gidan kowa. Yana jin ya sayi mako guda ne na rana da rairayi. Mai gida yana kallonsa da idon baƙo, shi yana kallon kansa da idon mai saye, kuma a ganina yawancin saɓanin da ake samu daga nan ya taso.

Wanda ya fi fitowa fili shi ne maganar tufafi. Mace za ta fito daga ruwa da ɗan kamfai na wanka, namiji da gajeren wando babu riga, su miƙe haka nan cikin ƙauye neman shago, su wuce ta gaban masallaci da makarantar allo da dattawan da ke kan dakali. A Tsohon Gari, inda lunguna suke da ƙunci har mutum biyu sai sun goga kafaɗa, abin ya fi muni. Akwai kuma masu rungumar juna da sumbatar juna a kan titi, da masu tafiya da kwalbar giya a hannu. A Kendwa akan kwana ana kiɗa da rawa a bakin teku duk daren da wata ya cika. Da azumi kuwa, in mutum ya fito da rana tsaka yana taunar abinci ko yana busa taba a kasuwa, ba sai na gaya wa mai karatu yadda ran jama'a zai ɓaci ba.

Ɗaukar hoto ma wata fitina ce. Baƙo zai ga tsohuwa tana kitsa igiya da ɓawon kwakwa, ko 'yan mata sun taso daga islamiyya da fararen hijabai, sai kawai ya ɗaga na'ura ya ɗauka, ko sannu bai ce ba. Da a garinsu ne wani ya tsaya a ƙofar makaranta yana ɗaukar hoton 'ya'yansa, da 'yan sanda zai kira. Wani kuma da kyakkyawar niyya yake ɓarna. Zai cika aljihu da alewa da biro da canji yana raba wa yara a hanya, shi a ganinsa alheri ya yi. Abin da ya bari a baya shi ne yaran da suka koyi cewa bin Bature a bakin teku ya fi zaman aji riba. Mu da muke 'yan makaranta mun san yadda ƙaramin dalili ke ishe yaro ya tsere wa darasi.

Duk da haka ba zan ɗora wa baƙin laifin duka ba. A duba yadda ake tallata masu wurin. Hoton da kamfanonin tafiye-tafiye ke nuna masu rairayi ne fari fes, da bishiyar kwakwa ta sunkuya, da kwalekwale mai filafilai can nesa, babu ɗan Adam ko ɗaya. Ba a nuna masu masallaci ko makaranta ko matan da ke layin ruwa ba. In sun sauka daga jirgin sama, mota ce za ta kwashe su kai tsaye zuwa otal mai katanga da maigadi, inda ake magana da harshensu, ake dafa irin abincinsu. Wanda aka sayar masa da wuri a kan cewa babu kowa a cikinsa, yaya za a yi ya san yana tsakar gidan mutane? Da yawansu in aka gaya masu cikin mutunci sukan ji kunya, su sayi kanga su yafa. Kuma akwai masu zuwa da karatunsu, sun koyi gaisuwa, sun san a ce wa babba shikamoo ya amsa marahaba. Irin waɗannan ba a jin labarinsu, don ba su ɓata wa kowa rai ba.

Abin ya kai intaha a lokacin annobar korona. A 2020 yawan baƙi ya ragu da kusan rabi, amma da yake Tanzaniya ba ta rufe ƙofarta kamar sauran ƙasashe ba, sai jirage suka riƙa sauke mutanen Rasha da na gabashin Turai, waɗanda yawancinsu ba su taɓa jin labarin al'adun wurin ba. Koke-koke suka yi yawa. A farkon 2021 ministar yawon buɗe ido ta lokacin, Lela Muhamed Mussa, ta ba da sanarwa cewa a wuraren jama'a dole baƙo ya rufe jikinsa daga kafaɗa zuwa gwiwa. Wanda ya saɓa za a ci shi tarar da ta fara daga dala 700, mai yi masa jagora ko kamfanin da ya kawo shi kuwa dala 1,000 zuwa 2,000. Hikimar da na gani a nan ita ce ɗora wa jagora tara mafi nauyi, domin shi ne ya san gari, shi ne kuma ya ci kuɗin baƙon. Amma gwamnatin da ta yi dokar ita ce kuma take roƙon Allah Ya ƙaro baƙi, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A farkon 2024, da aka sami tangarɗa wajen shigo da giya har ta yi ƙaranci a otal-otal, sai da maganar ta zama babbar damuwar hukuma, a tsibirin da mafi yawan mutanensa ba sa sha.

Su ma 'yan gari halinsu ya sauya. Akwai samarin da ba su da aiki sai bin baƙi a tashar jirgin ruwa da bakin teku, wannan ya ce zo in kai ka otal, wancan ya ce zo in kai ka ganin kifi. Mutanen gari suna kiransu papasi, watau kaska, don in sun manne wa mutum ba sa saki. Baƙon da kaska goma suka tare shi kafin ya yi taku ɗari, gobe ba zai fito daga otal ba, in kuwa bai fito ba mai shago da mai tuyar kifi na ƙauye ba za su ga sisinsa ba. Tsarabar da ake sayarwa ma abin dariya ce wani lokaci: zanen raƙumin dawa da zaki da giwa, alhali babu ko ɗaya daga cikinsu a Zanzibar. Daga babban yankin Tanzaniya da Kenya ake kawo yawancinsu. Masu sayarwa da masu gadin otal da yawa Masai ne da suka ƙetaro teku neman abinci, baƙo kuwa ya ɗauki hoto da su ya koma gida yana cewa ya ga mutanen Zanzibar.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da iyaye za su fi so a amsa, watau ina kuɗin yake tafiya? Manyan otal-otal da yawa na 'yan kasuwar waje ne. Akwai tsarin da baƙo zai biya kome da kome a dunƙule tun a Milan ko Warsaw, jirgi da ɗaki da ci da sha, saboda haka kaso mai yawa na kuɗin bai taɓa taka tsibirin ba. A cikin otal ɗin ma, manyan muƙamai sau da yawa na 'yan waje ne, matsakaita kuma mutanen babban yankin Tanzaniya sun fi yawa, domin sun fi jin Turanci, kuma iyaye da yawa a Zanzibar ba sa son 'yarsu ta yi aikin miƙa giya ko ta cire lulluɓi saboda kayan aiki. Sai ɗan ƙauye ya ƙare a shara da ban ruwan furanni. A farkon al'amarin kuma mutane da yawa sun rabu da filayensu na bakin teku a kan kuɗi kaɗan, don a lokacin ba su ga amfanin rairayin da ba ya fid da rogo ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba wai ba a amfana ba sam. An yi hanyoyi, an kai lantarki, direbobi da magina da masu gonakin kayan yaji da ke zagayawa da baƙi suna samu, Jami'ar Jihar Zanzibar kuma tana da makarantar koyon aikin otal a Maruhubi. Masunci ma yana sayar da babban kifinsa da tsada ga otal. Sai dai matar da ta zo sayen kifin miya ita ce take biyan wannan tsada.

Amma duk cikin halayen baƙi, wanda ya fi nauyi shi ne wanda ba a gani a titi, watau yadda suke amfani da ruwa. A nan zan ɗan dakata, don sai an fahimci yadda ƙasar tsibirin take. Gabashin Unguja dutsen murjani ne mai huji-huji kamar soso. In an yi ruwan sama ba ya tsayawa a sama ya zama kogi, sai ya zurare ƙasa. A can ƙasa kuwa ruwan teku mai gishiri ya riga ya shigo ta cikin hujojin, to da yake ruwan daɗi ya fi shi rashin nauyi, sai ya kwanta a kansa kamar yadda mai ke kwanciya a kan miya. Wannan siririn ruwa na sama shi ne rijiyoyi da koguna na cikin duwatsu suke ba mutane. In aka ɗiba a hankali, damina za ta mayar. In aka sa inji aka zuƙa da ƙarfi, sai na gishirin ya taso ya cika gurbin, rijiya ta lalace, kuma ba ta gyaruwa da wuri. Ga shi babbar daminarsu daga Maris zuwa Mayu ce, da wata ƙarama wajen Nuwamba, baƙi kuwa sun fi zuwa a lokacin da babu ruwan sama, kuma sun fi son gabas da arewa inda ruwan ya fi ƙaranci.

A 2012 wata ƙungiya ta Ingila mai suna Tourism Concern ta fid da rahoton binciken da ta yi a Nungwi da Kiwengwa da Jambiani. Ta sami cewa gida guda na 'yan ƙauye yana amfani da kamar lita 93 a rana, watau bai cika jarka huɗu ba, ta mai lita 25. Ɗaki ɗaya a ƙaramin masauki yana cin lita 686. Ɗaki ɗaya a babban otal na alfarma kuwa lita 3,195, kusan jarka 128 ke nan a rana guda. Ba wai baƙon ne ya shanye ba. Tafkin ninkaya ne, da wankin zannuwan gado da tawul kullum, da ban ruwan ciyawa da furannin da ba na wurin ba, da wanka sau uku don an shiga ruwan gishiri. Rahoton ya ce har akwai otal ɗin da ya sa masu gadi a kan bututunsa don kada mutanen ƙauye su fasa. Daga Disamba 2009 zuwa Maris 2010, da wayar lantarkin da ke ƙarƙashin teku daga babban yanki ta lalace, Unguja ta yi wata uku babu wuta, injinan tura ruwa suka tsaya, otal-otal suka ta da janaretocinsu, ƙauyuka kuwa suka koma tsofaffin rijiyoyi. Yarinyar da ta yi sammako da bokiti tana layi a famfo, tana jin ƙarar ruwa yana feshi a kan ciyawa ta bayan katanga. Baƙon da ke ciki mai yiwuwa mutumin kirki ne, ya rufe jikinsa, ya yi gaisuwa, bai san ma ana yi ba. Babu dokar tufafin da za ta kama wannan.

Bakin tekun kansa ma wurin neman abinci ne tun kafin a kawo kujerun shan rana. A gabashin tsibirin, sau biyu a yini ruwan teku yakan janye ya yi nisa, ya bar fili mai ɗan ruwa iya ƙauri, sa'an nan ya dawo. Tun 1989 matan Paje da Jambiani suke noman wata ciyawar teku da suke kira mwani a wannan fili. Sukan kafa turaku su ɗaura igiyoyi, su ɗaɗɗaure 'yan rassan ciyawar, bayan kamar mako shida su girbe su shanya, a sayar a kai waje inda ake sa sinadarinta a man goge baki da kayan abinci. Mata dubbai ne suka fara riƙe kuɗin kansu ta wannan hanya. Yanzu Paje ta yi suna wajen wani wasa da ake tsayawa a kan allo, wata babbar lema da iska ke ja tana jan mutum a kan ruwa, kuma filin wasan da gonakin matan wuri ɗaya ne. Wasu otal-otal ba sa son a shanya ciyawa a gabansu, wasu sun yi katanga ta toshe hanyar da masunta suka saba bi zuwa jiragensu. Ga kuma ɗumamar ruwan teku da ke kashe irin ciyawar da ya fi tsada, wanda wannan ba laifin otal ba ne, amma a kan matan nan ya sauka.

A Kizimkazi, can kudu, inda akwai tsohon masallaci mai rubutun Kufi na shekarar 500 ta Hijira, watau 1107, abin ya zo da fuska biyu. Akwai wata dabbar ruwa mai kama da babban kifi, mai wayo da son wasa, Turawa suna ce mata dolfin, su kuma pomboo. A dā masunta suna farautarta su yi tarkon kifin shak da namanta. Cikin shekarun 1990 suka gane cewa baƙi za su biya don su gan ta da rai, sai farauta ta tsaya. Amma kowane baƙo yana so ya yi iyo kusa da ita, kowane mai jirgi kuma yana so a ba shi goro, sai ka ga jirage da yawa sun yi wa garke ɗaya ƙawanya da sassafe, mutane suna ta tsalle a kansu. Masu bincike sun lura cewa dabbobin suna rage hutu da shayar da 'ya'yansu in jirage sun matsa masu. Akwai ƙa'idojin da aka rubuta, amma mai jirgin da ya bi su ya tsaya nesa, shi ne baƙinsa za su ce ya cuce su.

Inda na ga abin ya fi daidaita shi ne inda aka tsara shi tun farko da mutanen wurin a ciki. A dajin Jozani akwai wani jan biri da ba a samun irinsa ko'ina a duniya sai Zanzibar. Manoma sun tsane shi har suna kiransa kima punju, watau biri mai dafi, don yana lalata masu itatuwa. (Wannan biri har gawayi yake ci, don ya kashe dafin ganyen da yake kiwo.) Da aka mai da dajin gandun ƙasa a 2004, ana ware wani kaso na kuɗin shiga a ba ƙauyukan da ke kewaye da manoman da aka yi wa ɓarna. Baƙo ba ya shiga sai da ɗan jagora, ana gaya masa kada ya taɓa birin, kada ya ba shi abinci, ya tsaya 'yan taku nesa, kuma yawanci suna bi, don an gaya masu tun a bakin ƙofa. Har tudun rage gudu aka yi a kan titin da ya ratsa dajin saboda birai masu tsallakawa.

Akwai kuma ɗan tsibirin Chumbe, kudu da Tsohon Gari, wanda wata Bajamushiya mai suna Sibylle Riedmiller ta yi ta fafutuka har aka keɓe murjaninsa a 1994. Ɗakunan baƙi bakwai ne kacal a wurin. Babu rijiya, kowane ɗaki rufinsa ne yake tara ruwan sama a ajiye a ƙarƙashinsa, wuta daga hasken rana take, bayan gida kuma ba ya cin ruwa, taki ake yi da shi. Baƙon da ya san ruwan wankansa na damina ne da aka adana, da kansa yake taƙaitawa. Kwana a can yana da tsada ƙwarai, kuma ɗaki bakwai ba zai ɗauki mutum 700,000 ba, saboda haka ba zan ce an sami maganin kome ba. Masu gadin murjanin dai tsofaffin masunta ne daga ƙauyukan da ke kusa. Da kuɗin baƙin kuma ake ɗauko 'yan makaranta irinmu daga Unguja kyauta, maza da mata, tare da malamansu, a sa masu rigar da ke hana nutsewa da gilashin gani a ruwa. Da yawansu a bakin teku aka haife su, amma ran nan ne suke fara leƙa abin da ke ƙarƙashinsa.